Ƙugiya ta Biyu a Jikin Ɗan Kifi Mai Rai: Inda Ake Kuskure

Assalamu alaikum, masu kallo. Wannan da kuke gani yana sheƙi da layuka bakwai ko takwas a gefensa, shi ne kifin da Amurkawa ke kira striped bass. Mu kira shi mai zane. Gidansa gaɓar Tekun Atilantika ne ta wajen Amurka, yana hawowa ya yi ƙwai a Mashigin Chesapeake da kogunan Hudson da Delaware. Mafi girma da aka taɓa kamawa da fatsa ya haura kilo 37, Greg Myerson ya jawo shi a ruwan jihar Connecticut a 2011.

Tambayar da ta cika mana akwatin saƙo ita ce: don me ake ƙara ƙugiya kusa da wutsiyar ɗan kifin da aka saƙala da ransa don jawo mai zane, kuma me ya sa na wasu ke mutuwa tun kafin babban ya leƙo?

Ƙugiyar gaba ba ta da wuya, bari mu wuce ta da sauri. Ga ɗan kifin, irin na teku ne da ake kira bunker, yana cikin ruwa har zuwa lokacin da za a ɗaura shi. A jiƙa hannu. A sa ƙugiya ta ƙofar hanci ɗaya, ta fito ta ɗayar. Baki a buɗe yake, yana numfashi. Shi ke nan.

To, yanzu a rage gudun hoton, domin a nan ne aiki yake lalacewa.

Ƙugiya ta biyu tana rataye da guntun zare daga ta farko. Abin da kusan kowa ke yi shi ne ya ja zaren nan ya miƙe sarai, sannan ya soka. Ido yana ganin kamar an yi tsaf. Amma ku dubi kifin da ke hagu. Kun ga ya lanƙwashe kamar lauje? Kifi da wutsiya yake tafiya, duk kaɗawa ɗaya jikinsa na tanƙwarewa dama da hagu. Idan zare ya ɗaure hanci da wutsiya, kun sa masa dabaibayi ke nan. Sai ya riƙa juyawa a ruwa, ya gaji, ƙugiyar ta yage fata, ya mutu. Mai zane kuwa, musamman babba, yakan zo ya duba ya juya abinsa.

Yanzu ga na dama. An auna zaren a jikinsa kafin a yanke, an bar shi da ɗan sako-sako. Ni faɗin yatsa biyu nake bari, in ɗan kifin ya kai tsawon tafin hannu da rabi. Gwajin mai sauƙi ne: ku tanƙwara wutsiyar a hankali zuwa ɗaya gefen. In zaren ya ja kafin ta gama lanƙwasa, ya yi gajere, a sake yankan wani. Kada kuma sakin ya yi yawa har zaren ya naɗe ƙugiyar gaba.

Sai wurin sokawa. Ku matso. Bayan ƙayar da ke gadon bayansa, can sama, a ƙarƙashin fata kawai. Kun ga tsakiyar gefensa? Daidai wajen ƙashin baya yake kwance a ciki. Ƙugiya ta taɓa nan, wutsiya ta daina aiki. In kun ga jini na fita sosai, kun zurfafa. Haƙorin ƙugiyar ya fito waje a fili, kada a binne shi cikin tsoka.

Ku kalli yadda ya nutsa da kansa. Wallahi ina son ganin wannan, ɗan kifi yana tafiya kamar babu komai a jikinsa.

Akwai kuma wani ruɗanin. Mutum ya jawo zare ya tarar da kai kawai, rabin jiki ya tafi, sai ya ce mai zane ne ya ciji wutsiya, dole a ƙara ƙugiya. Ba shi ba ne. Mai zane ba shi da haƙoran yanka, zuƙe kifi yake yi gaba ɗaya, yawanci ta kai, kamar giwan ruwa. Mai yankan nan wani kifin teku ne da ake kira bluefish, haƙoransa kamar na tsage. Saboda haka sau da yawa ƙugiyar hanci kaɗai ta isa, haƙuri ne ya yi ƙaranci. Inda ta biyu ke da amfani sosai shi ne manyan tafkunan ruwan daɗi, irin Texoma da ke tsakanin Texas da Oklahoma, idan ɗan kifin ya yi girma har mai zane ya riƙa bugunsa ba tare da ya haɗiye ba.

Ba ni da hoton da zan nuna a nan, sai ku saurara. Tun ranar 1 ga Janairun 2021, duk mai kamun mai zane don nishaɗi a gaɓar Atilantika ta Amurka, in abinci na gaske ya saƙala a fatsa, kamar ɗan kifin nan, dole ya yi amfani da ƙugiya mai zagaye, wadda bakinta ya juyo ciki. Ƙugiya mai baki ukun nan da kuke gani a tsofaffin bidiyo ba ta halatta a wurin. Dalili kuwa, ana ƙiyasin 9 cikin 100 na kifin da aka kama aka saki suna mutuwa, kuma wanda ƙugiya ta shige masa ciki ya fi saurin mutuwa. Kifin nan ya taɓa kusan ƙarewa har jihar Maryland ta hana kamunsa daga 1985 zuwa 1989. A tafkuna kowace jiha da dokarta, a karanta kafin a ɗaura.

Ni dai a teku ƙugiya ɗaya mai zagaye nake sawa. Kuma in kun ji mai zane ya ɗauka, kada ku fizga. Ku bar zare ya miƙe, ku naɗe a hankali. Ga ta nan, a kusurwar baki ta kama.