A raba SSD ko a bar shi dunƙule?

Sadiƙ: Jama'a barkanmu da warhaka. Tun makon jiya tambaya ɗaya ake ta turo mana: na sayi laftof mai SSD, wato ma'ajiyar bayanai ta zamani da ke cikin kwamfuta, in raba shi gida biyu, C na Windows da D na ajiya, ko in ƙyale shi?

Hauwa: Yaya Sadiƙ, faɗi gaskiya, kai ka jawo maganar.

Sadiƙ: Ni ne. Tawa giga 256 ce, wani mai gyara ya ba C giga 70 kacal. Wata uku sai ga layin da ke nuna cikar C ya yi jajir, Windows ta ƙi sabuntawa, D kuwa wayam.

Malam Nura: Ai dole. Windows 11 kaɗai giga 64 take nema kafin ta yarda ta sauka. Kuma 256 ɗin nan, in ka duba, wajen 238 za ka gani. Wannan rabon gadon zamanin had-disk ne. Shi faifai ne mai juyawa, allura na bin sa, gefensa na waje ya fi sauri, shi ya sa ake ajiye Windows a can. SSD ba allura, ba juyi. Ƴar na'urar da ke cikinsa ita ke watsa rubutu ko'ina don kada wani sashe ya riga wani gajiya. Ba ruwanta da C ko D. Saurin ko ƙwayar zarra ba ya ƙaruwa.

Hauwa: Kenan labule ne aka rataya a tsakiyar ɗaki.

Malam Nura: Labule ne!

Hauwa: Irin na ɗakin kakata, mai hoton ɗawisu. Bayansa kwalla da kumbuna, ba mai taɓawa.

Sadiƙ: Har yanzu yana nan?

Hauwa: Ya kusa girme ni. In ka leƙa sai ka sha tsawa.

Sadiƙ: Kamar D ɗin Malam, bidiyon bikin kowa na ciki.

Malam Nura: Ku bar labulen nan haka. To amma in gobara ta kama ɗakin, labule zai tare ta? Nan mutane ke ruɗuwa. Sai mutum ya ce ai takarduna suna D. Ranar da SSD ya mutu, da C da D tare za su tafi, kuma sau da yawa ba ya ko gargaɗi. Kwafa a wani faifan daban, wannan ita ce ajiya.

Sadiƙ: Amma in an yi fomatin C, D na tsira.

Malam Nura: Wannan gaskiya ne, in mai gyaran bai goge wanda ba shi ba. Mai tera 1, wato giga dubu, da ke yawan sake Windows, ko mai son Ubuntu, wata manhajar tafiyar da kwamfuta kamar Windows, a gefe, ya raba, amma ya bar wa C ko giga 200.

Hauwa: Mai 256 fa, Malam?

Malam Nura: Ya bar shi. Ga kiran la'asar can, maganar GPT, wato tsarin da ake bi wajen raba faifai, sai mako mai zuwa.