Hoton allo a takardar koyar da manhaja: ina ya dace, ina bai dace ba?

An rubuto wannan lacca daga faifan da aka naɗa a taron matasa masu koyon kwamfuta, a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Ringim, jihar Jigawa.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe mai gari, malamaina, ƙannena maza da mata, sannunku da zuwa duk da ana tsakiyar aikin kaka.

Ku ne nan gaba za a riƙa kawo wa waya a ce, "Rubuta mana yadda ake yin kaza." Wani zai rubuta yadda ake shigar da sunayen manoma a manhajar ƙungiya, wata kuma yadda ake cike bayanan awon ciki a asibitin sha-ka-tafi. Abin da na lura shi ne, kafin mu rubuta jimla ɗaya hannu ya riga ya haɗa maɓallin kashe waya da na rage sauti, an ɗauki sikirinshot, wato hoton allo.

Na taɓa haɗa wa wata ƙungiyar mata jagora, kowane mataki da hotonsa. Ba a jima ba masu manhajar suka sauya mata fuska. Wata baiwar Allah ta wuni tana neman abin da ke cikin hoton a wayarta, babu shi, har ta ɗauka ita ce ta ɓata wani abu. Har yau abin yana raina. Hoto tsufa yake yi. Da Windows 11 ta fito a 2021, maɓallin Start ya tashi daga kusurwar hagu ya koma tsakiya. A 2024 WhatsApp ya sauko da jerin shafukansa daga sama zuwa ƙasa a wayoyin Android. Wanda ya rubuta "danna Start" takardarsa tana nan da amfaninta, mai hoto kuwa sai ya sake ɗauka.

Duk abin da mai karatu zai buga da yatsansa, ku rubuta shi. Idan *346# ce ta duba lambar NIN, ko *310# ta duba kuɗin waya, lambar da hukumar sadarwa ta NCC ta daidaita a 2023, to ta fito a rubuce. Rubutu ana kwafarsa, ana bincikarsa, TalkBack, manhajar Android mai karanta allo da murya, yana karanta wa makaho shi. Hoto kuwa yana cin data, WhatsApp ya matse shi ƙananan baƙaƙe su dushe, mai hotokwafi a kasuwa ya mayar da shi baƙi ƙirin.

To ina hoton yake da rana? Inda baki ya kasa. Akwai alamomin da ba su da suna: ɗigo uku a kusurwa, layi uku a jere, wani ƙarfe mai haƙora irin na keke. Kwatance ba zai kai mutum can ba, gara ka nuna masa.

Sai babban dalilin da ya shafe mu nan. Yawancin manhajojin nan da Turanci suke. Baba yana karanta Hausar boko, ko ajami ma ya fi ƙwarewa, amma kalmar Submit ba ta ce masa komai ba. Idan ya ga siffarta a hoto, da launinta da mazauninta, zai gane ta a wayarsa kamar yadda yake gane akuyarsa cikin garke. Don irinsa, hoto ɗaya a wannan mataki wajibi ne a wurina. Haka kuma allon ƙarshe, wanda ke nuna cewa bayanan sun tafi, domin nan ne hankalin mutane ke tashi su yi ta sake turawa.

In za ku ɗauka, ku yanke hoton ya rage wurin da ake magana a kai kawai, ku zagaye shi da layi mai kauri, ku rubuta jimla a ƙarƙashinsa. Ku faɗi irin wayar da ranar da aka ɗauka, don allon Tecno ba lallai ya zo daidai da na Samsung ba.

Don Allah kada sunan mutum na gaskiya, ko lambarsa ta NIN ko BVN, ya fito a hoton. Akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023, kuma tun kafin ita amana ce aka ba ku. Ku cike gurbin da sunan ƙage kafin ku ɗauka.

Bayan sallar la'asar kowa ya fito da jagorar da ya zo da ita, mu bi hotunan ɗaya bayan ɗaya mu ga wanda zai tsaya.