Aiki daga gida: ina awoyin suke tafiya?

Tun zamanin korona a 2020 ake wannan gardama, ga shi ta sake tashi a WhatsApp: wai mai aiki daga gida hutunsa yake sha. Ba hawa babur, ba zafin ranar garin Garwa, ba ƙurar hanya. Wannan kam gaskiya ne, an huta da su.

Amma ku dubi agogo, don a nan lissafin ke ɓacewa.

Dokar ƙwadago ta Kamaru ta 1992 ta ce awa 40 a mako ga wanda ba aikin gona yake ba. A ofis, maigadi ya ja ƙofa, kowa ya kama gabansa. A gida wa zai ja ƙofar?

Mu bi wata baiwar Allah mai aiki daga gida. Saƙon farko ya shigo ƙarfe 6 na safe, ko shayi ba ta sha ba. Ƙarfe 10 wuta ta ɗauke. Mu 'yan arewacin Kamaru mun san halin da ake shiga a watan Maris da Afrilu, idan ruwan madatsar Lagdo da ke ba mu wuta ya ja baya, zafi kuma ya haura 40. Kwamfuta ta mutu, amma hankalinta na kan aikin. Ga baƙuwa ta yi sallama, ga yaro an aiko, "ai tana gida". Korar baƙo kuwa ba tarbiyyarmu ba ce. Wuta ta dawo bayan isha'i, ta sake zama har ƙarfe 10 na dare.

Tambaye ta, za ta ce awa 7 ta yi. Daga saƙon farko zuwa na ƙarshe fa? Awa 16 tana ɗaure, ba aiki sosai, ba hutu sosai. Barci shi ke fara biyan bashin, sai baya da idanu su biyo.

A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka bayyana cewa aikin awa 55 ko fiye a mako na ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin 100. Abin yana damuna, don a gida mutum kan doshi wannan adadi bai ƙirga ba.

Faransa ta ba ma'aikaci haƙƙin kashe wayar aiki bayan tashi tun 2017. Kafin irin wannan ta iso mana, ku zauna da shugabanku ku tsayar da lokacin tashi a rubuce, har da abin da za a yi ranar da babu wuta. Mutanen gida ma a faɗa musu lokacin. Layin aiki daban, na dangi daban.