Muzuru ya dawo daga asibiti bayan toshewar fitsari: yadda ake jinyarsa a gida

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Darasinmu na yau a kan muzurun da fitsari ya toshe masa ne, aka kai shi asibitin dabbobi, aka sa masa roba a hanyar fitsari, aka yi masa ƙarin ruwa, aka sallamo shi. Wannan da kuke gani kwance a kwali, shekaranjiya muka cire masa robar, kuma mai shi ta yarda in nuna muku shi.

Me ya sa ciwon ya fi kama namiji? Hanyar fitsarinsa doguwa ce siririya, can bakinta ba ta wuce tsinken tsintsiya kauri ba. Idan mafitsara ta kumbura daga ciki, majina da ɗan jini da wasu ƙwayoyi kamar yashi sukan dunƙule su tsaya a nan. Wani lokacin tsakuwa ce sosai. Fitsari ya kasa fita, ƙoda ta gaza, sinadarin fotashiyam ya taru a jini har ya rikita bugun zuciya. Kwana 1 zuwa 2 sun isa a shiga halin rai kwakwai mutu kwakwai.

To, an cire roba, amma hanyar tana nan a kumbure, kuma tana iya sake toshewa, musamman a sati biyun farko. Matsalarmu a nan ita ce magen gidajenmu ta yawo ce. Ta haura katanga, ta yi fitsari a tulin yashin maƙwabta, ta binne. Ka tambayi mai gida, ya yi fitsari yau? Sai ya ce ai ina jin ya yi. Wannan amsar ba ta isa ba. Gani ya kori ji. A sati biyun nan, aikinka shi ne ka ga fitsarin da idonka, kullum.

Saboda haka ka ware masa ɗaki ɗaya mai iska, ka rufe. Ku dubi wannan bahon roba. Na shimfiɗa farar takarda a ƙasa, na zuba yashi mai tsabta wanda na tankaɗe, ban cika shi ba. Da safe, da azahar, da kuma bayan isha'i ka zo ka duba. Kun ga wannan jiƙaƙƙen wurin? Faɗinsa ya kusa tafin hannuna. Wannan fitsarin kirki ne. Idan kuma ɗige-ɗige ka tarar, ƙanana kamar ƙwayar gyaɗa, a nan da can, to hankalinka ya tsaya a kansa. Takardar za ta nuna maka launi. A kwanakin farko ja-ja kaɗan, kamar zoɓon da aka cika wa ruwa, ba abin tsoro ba ne, haka ma yawan fitsari, domin ƙoda tana wanke abin da ya taru. Ka kwashe jiƙaƙƙen yashin duk lokacin da ka duba, don kada lissafi ya rikice.

Ga alamomin da ba a kwana da su. Ya shiga yashi ya tsuguna yana yunƙuri, ba abin da ya fito, ya fita ya sake dawowa. Yana kuka, yana yawan lasar gabansa, yana amai, ya ƙi abinci, ya shige ƙarƙashin gado. Kwanaki wata Hajiya ta kawo mana nata, ta ce, "Likita, bayan gida ne ya gagare shi, tun jiya nake ɗura masa man gyaɗa." Na ce, "Hajiya, ba laifinki ba ne, tsugunon iri ɗaya ne, amma wannan fitsari ne." Allah ya sa an zo da sauran lokaci. Ku ga yadda nake taɓa mararsa, a hankali, da yatsu. Yanzu lausasa take. Idan ka ji wani abu ƙulle da tauri kamar lemon zaƙi, mafitsara ce ta cika. Don Allah kada ka matsa da niyyar fitar da fitsarin, tana iya fashewa. Ka ɗauke shi ka tafi, ko da tsakar dare ne. Tun ranar sallama ka karɓi lambar likitan.

Sai ruwa. Mage asalinta dabbar busasshen wuri ce, ba ta da yawan sha, fitsarinta kan yi kauri. Mai nauyin kilo 4 tana buƙatar kusan mililita 200 a rana, wato ƙasa kaɗan da rabin ledar ruwan fiya wata, haɗe da wanda ke cikin abinci. Busasshen abincin buhu ruwansa kusan kashi 10 ne cikin 100, na gwangwani kuwa ya haura kashi 70. Shi ya sa muke cewa a koma jiƙaƙƙe, a ƙara masa cokali biyu ko uku na ruwa a dama. Ka ajiye kwanon ruwa mai faɗi a wuri biyu, nesa da yashin, ka riƙa sauyawa, balle a bazara. Romon kaza yana jawo shi sha, amma wanda aka dafa shi kaɗai, ba gishiri, ba magi, ba albasa, ba tafarnuwa. Albasa da tafarnuwa suna lalata jinin mage. Kanwa ma a bar ta. Na san muna ba wa shanu da tumaki, amma tana rage tsamin fitsari, kuma irin ƙwayoyin nan masu kama da yashi da ake kira sitirubait a fitsarin da ba shi da tsami ya fi fitowa. Idan likita ya rubuta abinci na musamman, irin su Royal Canin Urinary S/O ko Hill's c/d, a ba shi shi kaɗai. Idan kuma muzuru ya yi kwana guda cur bai ci komai ba, a kira likita.

Magani kuwa, wanda aka ba ku a asibiti kawai, a kan lokacinsa. Wannan maganar tana min ciwo, domin na sha ganinta: mutum ya ga magensa na jin zafi, tausayi ya kama shi, ya ɓare farasitamol ya ba ta. Hantar mage ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya tana kashe ta. Ibufurofen da daikulofenak kuma ƙodar da ke farfaɗowa za su ƙarasa.

Abu na ƙarshe shi ne kwanciyar hankali. Kumburin mafitsarar mage yana da alaƙa da firgita da takura. Hayaniyar biki, yara masu ɗaukarsa suna juyawa, baƙon muzuru da ke leƙowa ta taga, duk a raba shi da su. Ka sa masa kwali irin wannan ya samu maɓuya. Idan magenku biyu ne, bahon yashi ya zama uku. Idan yana lasar gabansa har wurin ya yi ja, a mayar masa da robar wuyan nan mai kama da mazurari.

Wanda ya toshe sau biyu, sau uku, akwai tiyatar da ake faɗaɗa masa mafitar, wannan sai ka zauna da likitanka. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan nuna muku yadda ake ba wa mage ƙwayar magani ba tare da ta yakushe ka ba. Bari in mayar da wannan ɗakinsa, na ga ya fara waiwayen yashi. Allah ya ba shi lafiya.