Kooikerhondje, karen da ke yaudarar agwagi da jela

Jama'a ku kalli jelar karen nan da kyau, farar nan mai gashi buzu-buzu, to ita ce jarinsa. Sunansa Kooikerhondje, ɗan ƙasar Holan ne, in sunan ya yi muku wuyar faɗa ku ce Koika kawai. Tsayinsa wajen santimita 40, nauyi kilo 10 haka, fari ne da dabbare-dabbaren ja, sai baƙin gashi da ke reto a ƙarshen kunnuwa, masu shi suna ce masa 'yan kunne.

Asalin sana'arsa kamun agwagin daji. Za a samu tafki, a fitar masa da 'yan hanyoyin ruwa masu lanƙwasa, a rufe samansu da raga, gefe kuma a kafa shinge irin zana. Mai tarkon ya laɓe bayan zana, karen ya riƙa leƙowa yana shigewa yana kaɗa jela, ba haushi ba komai, su kuma agwagi da shegen son ganin ƙwaf sai su biyo shi, suna bi suna bi har hanya ta tsuke, kafin su ankara sun shige raga.

Tun ƙarni na 17 ana ganin irinsa a zane-zanen Jan Steen, wani mai zanen hoto ɗan Holan. Amma da sana'ar tarkon ta ja baya, saura ƙiris irin ya ƙare, sai a 1939 wata mai sarauta, Baroness van Hardenbroek, ta ba wani ɗan koli hoton irin karen ya riƙa duba mata ƙauye-ƙauye. A yankin Friesland ya gano wata karya mai suna Tommie, ta haihu a 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu fa, daga 'ya'yanta aka farfaɗo da irin. Sai 1971 hukumar karnukan Holan ta amince da irin a hukumance.

Halinsa kuwa daga aikin nan ya ɗauko shi. Ya saba aiki shiru da mutum ɗaya, shi ya sa yake manne wa mai shi kamar cingam, baƙo kuma sai ya gama nazarinsa daga nesa tukuna. Ba ya son tsawa ko kaɗan, ka daka masa ita yanzu zai noƙe, gidan da yara ke hayaniya ma yana takura shi. Kuma kar ƙanƙantarsa ta ruɗe ku, in ba ya samun gudu da wasa kullum, takalmanku ne za su ji a jikinsu.

Karen Shohei Ohtani, ɗan wasan besbol ɗin Japan, irin wannan ne, sunansa Decoy, wato abin jan hankalin tsuntsu zuwa tarko.