Hirar Bakin Gareji: Ranar da Akwatin Sautin Inji Ya Daina Amsa Kira

Aminu: Assalamu alaikum masu sauraro. Yau muna Tudun Wadan Zariya, a rumfar Malam Garba mai wayarin. In kun ji ƙarar guduma ku yi haƙuri, maƙwabtansa masu gyaran bodi ne. Ga kuma Anti Zainab, wadda motarta ce ta haɗa mu. Malam, sannu da aiki.

Malam Garba: Yauwa Aminu, sannunku da zuwa. Hajiya, ya motar?

Zainab: Alhamdu lillahi Malam, kunnena ya huta. Da damina ne, ina dawowa daga Samaru, na ratsa ruwan da ya kwanta wajen Kwangila. Bayan kamar mako biyu, duk na hau titin Kaduna sai wani gurnani ya cika motar, har cikin kai nake jinsa. Wani ya jona mata kwamfuta ya ce akwatin sauti ya mutu, sai an yi odar wani daga Legas. Na ce wane akwatin sauti, ga rediyo na yi lafiya lau?

Aminu: Ni ma abin da ya ɗaure min kai ke nan. Inji ai shi ke yin ƙararsa.

Malam Garba: A motocin da, haka ne. Yanzu a wasu motocin akwai ƙaramar kwamfuta da aka ba aikin daidaita sautin inji, ita ce akwatin sautin. Akwai makirfo a rufin mota, yana sauraron gurnanin da ke shigowa, ita kuma sai ta turo kishiyarsa ta lasifika, su kashe juna. Honda Accord mai silinda 6, wadda ke kashe wasu silindoji don rage shan mai, tana da irinsa. Wasu kuma ƙarin sauti suke yi: Golf GTI na da wata 'yar na'ura a gindin gilashin gaba mai ƙara wa inji murya. To, akwatin nan ba zai iya komai ba sai kwamfutar inji tana gaya masa juyi nawa injin ke yi a kowane lokaci.

Zainab: Suna magana da juna ke nan.

Malam Garba: Ba tsayawa. Ta wasu wayoyi biyu da aka murɗe kamar igiya, sunansu CAN, kamfanin Bosch na Jamus ya fito da tsarin a 1986. In kin ga lambar matsala ta fara da P, ta ɓangaren inji da giya ce. In ta fara da U, maganar sadarwa ce, kamar U0100 da ke nufin an daina jin kwamfutar inji. Nan mutane ke asarar kuɗi, kuma wallahi abin na damuna. Wannan lambar ba akwatin da ake zargi ne ya rubuta ta ba, maƙwabcinsa ne, wato wani akwatin kwamfuta da ke kan layin, ya ce na kira bai amsa ba. In ka kira ɗan'uwanka a Kano aka ce layin ba ya shiga, Aminu, sai ka ce wayarsa ta lalace?

Aminu: A'a, wataƙila ba caji, ko ba sabis.

Malam Garba: To ka gani. Shi ya sa nake farawa da batir. Lafiyayye yana nuna kusan bolt 12.6 in mota na kashe. In ya yi rauni, lokacin tayarwa wuta na faɗuwa, akwatuna su yi ta kai ƙarar juna. Daga nan in sa kwamfuta ta kira kowa da kowa. In shi kaɗai ya yi shiru, matsalar na ƙofar gidansa: fiyus, wayar wuta, wayar negatib da aka ɗaure a bodi, ko soket. In da yawa suka yi shiru tare, to babban layin ne.

Aminu: Babban layin ta yaya ake gwada shi?

Malam Garba: Akwai soket mai rami 16 a ƙarƙashin sitiyari. Ka cire kan batir, ka sa mitar gwada wuta tsakanin rami na 6 da na 14. Ya kamata ka ga om 60 (om shi ne ma'aunin yadda waya ke tare wuta), saboda kowane ƙarshen layin na da 120, in biyun suka haɗu sai ya koma rabi. In ka ga 120, wataƙila waya ta tsinke a wani wuri. In ya kusa sifili, wayoyin biyu sun haɗe. Amma a kula, a wasu motocin kayan sauti na kan wani layi daban, don haka 60 ɗin nan ba shaida ba ce a kansu. Sai an duba zanen wayarin na ainihin motar.

Zainab: Ni dai abin da na gani da idona, da ya ɗaga kafet ɗin ƙarƙashin kujerar gaba, soson da ke ciki a jiƙe yake, yana warin ruɓa. Ya zaro soket, ƙusoshin ciki sun yi kore kamar tsohon kwabo.

Malam Garba: Mita ta nuna min akwai wuta a wurin, amma ban yarda da ita ba. Silin waya ɗaya ya isa mita ta ce bolt 12. Da na jona ƙwan fitila, da ƙyar ya yi ja. Na yanke inda ya ruɓe, na sa sababbin ƙusoshi, na shanya kafet a rana, na goge lambar. Muka hau titi har Ɗan Magaji muka dawo, ba ta sake fitowa ba.

Aminu: Ban da ruwa fa?

Malam Garba: Ɓera, musamman motar da ta daɗe a ajiye kusa da buhunan hatsi. Sai masu sa babban allon Android: a cire rediyon asali, a yanke wayar da ba a san aikinta ba, a naɗe da salatif. Motar kwatano kuma wata tun a can ta sha ruwa ko hatsari.

Zainab: Malam, da an bar ta haka, akwai haɗari?

Malam Garba: A irin taki mota za ta tafi, gurnanin ne kawai, sai dai ruwan da ya ci wannan soket zai bi na kusa da shi. Mai lantarki ko mai haɗin batir da fetur ita ce abin tsoro, don wasunsu na da lasifika a waje da ke yin ƙara in ana tafiya a hankali, saboda masu tafiya a ƙasa. In ta yi shiru a cikin kasuwar Sabon Gari, makaho ko yaro ba zai ji zuwanta ba. Aminu, miƙo min mitar can, ga wata an turo, mu gwada ramukan nan ka gani da idonka.