Awon jan karkade: na'ura nauyi take faɗa, ba suna ba

Lacca ce da aka gabatar wa ɗalibai da manoma Hausawa a Gadarif, aka rubuto ta daga muryar da aka naɗa.

Assalamu alaikum. Iyayena dattawa, malamai, ɗalibai, barkanku da zuwa.

Ga kofin karkade a hannuna, zoɓo ke nan a ƙasar Hausa. Ku duba, na jefa ɗan gutsuren kanwa a ciki. Kun ga jan ya fara komawa shuɗi-shuɗi, ya yi duhu? Abin da ya sauya ɗin nan sinadari ne mai suna antosayanin, ɗaya daga cikin dangin folifenol, waɗanda tsirrai ke yi don kare kansu daga zafin rana da ƙwari. A cikin tsami yake ja. Saboda shi ne ɗan kasuwa daga Jamus yake neman karkaden Kordofan. Mu a kasuwar Al-Ubayyid ido da hannu muke sawa mu ce wannan buhun ya fi wancan. Ɗan kasuwar kuwa ɗakin gwaji yake kaiwa, sakamakon da ya samu kuma shi ke yanka farashi. Wannan ne yake damuna.

Na'urar da ake aikin da ita ana ce mata mas sifektiromita, aikinta auna nauyin ƙwayar sinadari. Tushenta tsoho ne, tun gwajin da J.J. Thomson ya yi kan iskar niyon a Ingila wajen 1913. Amma ba ta yi wa irin aikinmu amfani sosai ba sai da John Fenn ya kawo dabarar fesa ruwa da lantarki, wadda ta ba shi kyautar Nobel a 2002.

Ga yadda ake yi. Za ka niƙa busasshen karkade, ka jiƙa da metanol da ɗan asid, ka tace, ka zuba a 'yar kwalba da ba ta kai ɗan yatsa ba. Ruwan zai bi ta wani siririn bututu mai cike da garin silika, inda kowane sinadari yake fitowa a lokacinsa. Daga nan a fesa shi ta bakin allura da ƙarfin lantarki na dubban bolt, ruwan ya bushe, ƙwayoyin su shiga ciki ɗauke da caji, a auna su.

A karkade lambobin nauyi biyu ne suke fitowa ƙarara: 597 da 581. Idan ka sa na'urar ta farfasa su, na farko ya koma 303, na biyu 287. Kowanne ya zubar da 294, wato sukari iri biyu a haɗe, gilukos da zailos. Abin da ya rage shi ne delfinidin da sayanidin, wato tushen jan karkaden, kuma tazarar 16 da ke tsakaninsu ƙwayar oksijin guda ce tak.

To ɗalibai, a nan nake so ku nutsu. Akwai wani folifenol, kwasetin, wanda ake samu a albasa da ganyaye da yawa. Shi ma 303 yake bayarwa, har ƙwayoyin da suka haɗa shi daidai suke da na delfinidin. Buhun gero da buhun dawa suna iya yin nauyi ɗaya a kan sikeli, sikeli kuma ba zai gaya maka wane ne wane ba. Dole ka duba lokacin da sinadarin ya fito daga bututu, ka duba ko yana shan haske a nanomita 520 (ma'aunin tsawon zangon haske) kamar yadda jan antosayanin ke yi, sannan ka gwada da tsantsan sinadarin da aka san shi. Na sha ganin kundin ɗalibi da ya jera sunaye talatin daga nauyi kaɗai. Wannan ba bincike ba ne, kuma ranar da mai saye ya sake gwadawa, mutuncin kayanmu ne zai zube.

An goge waɗannan dabaru sosai a kan inabi da giyarsa, a ƙasashe irin su Faransa da Italiya. Ba ma sha, amma ilimin ya zo mana a shirye: babban sinadarin jan da ke cikin inabi malbidin ne mai gilukos, 493 da ke komawa 331. Ka ga ke nan ruwan inabi da na karkade ba za su ɓoye wa juna ba, haka ma rini idan an zuba a garin karkade. 

Na san yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya durƙusar da ɗakunan gwaji a Khartum da Wad Madani, na'urar kuma ba ta jure ɗaukewar wuta. Duk da haka samfur yana iya tafiya inda na'ura take. Iyayena manoma, a nan aikinku ya shigo: a shanya a inuwa domin rana da zafi suna cinye jan, a rufe a leda mai duhu, a rubuta sunan gari da watan girbi. Ɗalibai kuma ku riƙa ajiye rabin kowane samfur don sake gwaji.

Mai tambaya ya ɗaga hannu, mu fara da dattawa.